Tayar lokuta huɗu da shekarar Bahaushe

Kowace al'umma tana yanka shekara gwargwadon abin da sama take yi mata. Bahaushe ya raba tasa gida huɗu: bazara, lokacin da ƙasa ke ɗaukar zafi har randa ta kasa sanyaya ruwa, damana, wadda ake jira da iri a ƙwarya, kaka, da ake ɗaure damma ana cika rumbu, sai ɗari, mai zuwa da hazo da iskar hunturu da kaushin ƙafa. A tsakaninsu akwai ƙananan sunaye da manomi ba ya mantawa, kamar marka, kwanakin da ruwa ke yini yana zuba, da agazari, zafin ƙarshen damana da ke nunar da hatsi. Bature shi ma gida huɗu ya raba tasa shekarar. Da yake lissafi ya zo ɗaya, huɗu nan huɗu can, ɗalibin da ya shigo ajin farko na kolej yakan ɗauka cewa aikin fassara bai wuce a jera su ba, kowane a gaban ɗan'uwansa.

Duk wanda ya taɓa koyar da Faransanci a wannan ƙasa ya san inda jerin yake karyewa. « Été » ana juya shi da bazara saboda zafi, alhali a watan Yuli, sa'ad da mutumin Pari ke neman inuwa, manomin Tasawa yana duƙe a gona mai laima yana noma. « Hiver » ana ce masa hunturu, amma hunturun Maraɗi bai taɓa daskarar da ruwan rijiya ba. Wadda ta fi rikitarwa ita ce « hivernage », sunan da Faransancin Afirka ta Yamma ya ba damana. Daga « hiver » aka ciro ta, maganar ma'aikatan jirgin ruwa ce game da lokacin da jirage ke fakewa a tasha, kuma a nan ba ta da haɗi da sanyi ko kaɗan.

Da a cikin aji kaɗai wannan ruɗani ya tsaya, da ba zai ci kowa komai ba sai maki biyu ko uku a jarrabawa. Amma ya fito kan kwalta. A gefen tayoyi da yawa da ke yawo tsakanin Yamai da Damagaram akwai rubutu da zane masu cewa an yi su domin lokuta huɗu na shekara, ko domin sanyi, kuma bisa wannan rubutu mutane suke fitar da kuɗi su ɗora iyalinsu.

Inda maganar ta fito

Taya ba roba zalla ba ce. Gauraye ce ta ƙaron itacen roba, da robar da ake samu daga man fetur, da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, da zare, da wayoyin ƙarfe. Halin wannan gauraye yana bin yanayi kamar yadda man kaɗe yake yi: sanyi ya sandarar da shi, zafi ya sassauta shi. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai fi tafin hannun babban mutum ba sosai, kuma a kan waɗannan tafuka huɗu ne duk birki da duk kwana suka dogara.

A ƙasashen sanyi, masu ƙera taya sun daɗe suna ba da digiri 7 a matsayin iyaka. Idan sanyi ya yi ƙasa da haka, robar tayar zafi takan fara taurara, ta kasa kama hanya, har ma a busasshiyar kwalta. Don haka aka yi tayar sanyi, mai taushin roba, wadda aka cika fuskarta da ƙananan tsage-tsage kamar an bi ta da aska, domin su ciji ƙanƙara. Ta farko an yi ta a ƙasar Finlan a 1934 saboda manyan motocin kaya, a masana'antar da a yau ake kira Nokian. Sai dai abin da ya sa ta yi kyau a watan Janairu shi ne ya ɓata ta a watan Yuli: a kan hanya mai zafi taushinta yana yawa, birki ya yi nisa kafin mota ta tsaya, ita kuma ta cinye da wuri.

Daga nan mai mota a Jamus ko Kanada ya zama mai tayoyi takwas. Sau biyu a shekara yana kai mota garaji, a cire huɗu a sa huɗu, ya biya kuɗin aiki, ya kuma nemi inda zai ajiye waɗanda aka cire. Wanda ba shi da wuri a gida sai ya biya garaji hayar ajiya. Jamusawa har ƙa'ida gare su ta baka: tayar sanyi daga Oktoba zuwa bikin Ista. Wannan ɗawainiya ce ta haifi tunanin taya guda da za ta wadatar. Kamfanin Goodyear na Amurka ya fitar da irinta ta farko a 1977 da sunan Tiempo. A Turai ba ta samu karɓuwa sosai ba sai daga baya, musamman bayan Michelin ya fito da CrossClimate a 2015, a zamanin da sanyin filayen Turai ya fara sauƙi, ƙanƙara ta rage kwana a kan titunan birane.

Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma masu ƙera wannan taya ba su ƙaryata shi ba. Sulhu suka yi tsakanin buƙatu biyu masu gaba da juna. Gwaje-gwajen da ƙungiyoyin masu motoci na Turai ke yi kowace shekara suna nuna abu guda: tayar lokuta huɗu mai kyau tana kusantar tayar sanyi a kan ƙanƙara ba tare da ta kai ta ba, a busasshiyar hanya mai zafi kuwa tana bayan tayar zafi wajen tsayawa. Ga mutumin da ke zaune a birni mai matsakaicin sanyi, wanda ba ya hawa duwatsu kuma ba ya doguwar tafiya, sulhun ya biya. Ga wanda ke zaune inda ƙanƙara ke rufe ƙofa, bai isa ba.

Hukumomi ma sun shiga maganar, domin suna kaɗai bai gamsar da su ba. Akwai alamu biyu a gefen taya. Ta farko M+S ce, haruffan farko na kalmomin Ingilishi masu nufin taɓo da ƙanƙara. Mai ƙera taya ne yake buga ta bisa siffar zanen, ba tare da an tilasta masa gwaji ba. Ta biyu hoton dutse ne mai kawuna uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa, wanda aka fara amfani da shi a Amurka ta Arewa a 1999. Wannan ba a ba da shi sai taya ta ci jarrabawar riƙo a kan ƙanƙara. A Faransa, tun 2021, wanda zai bi garuruwan duwatsu da aka ware tsakanin 1 ga Nuwamba da 31 ga Maris sai ya sa tayoyin sanyi ko ya riƙe sarƙoƙin ɗaurawa a mota, kuma tun Nuwamban 2024 tayar da ba ta da hoton dutsen ba a lissafa ta. Jamus ta rufe wa M+S ƙofa a Oktoban wannan shekarar. A lardin Kebek na Kanada, inda tayar sanyi ta zama dole tun 2008, wa'adin yana kamawa daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma tayar lokuta huɗu irin ta Amurka, wadda ba ta da hoton, ba ta shiga. Har wasu masu sayarwa a can suka koma kiranta tayar lokuta uku. A gidanta ma ke nan, kalmar « duk » tana da iyaka, kuma doka ce take shata ta.

Kyautar ɗa

Wani tsohon shugaban makarantar firamare a Damagaram, wanda ya yi ritaya bayan ya koyar a ƙauyuka da dama na yankin, yana da ɗa mai aiki a wani gari na gindin duwatsun Alp a Faransa. Ɗan ya sayi mota ta hannu, ya yi ƴan shekaru da ita, sannan ya sa ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano, tun kafin rufe iyakar Benin a 2023 ya karkatar da kaya da yawa zuwa Lome. Da motar ta iso, unguwa ta zo barka. Da dare ɗan ya kira.

« Baba, kada ka damu da taya. Na gaba biyu sababbi ne, na lokuta huɗu. Kowane lokaci na shekara suna yi. »

« Madalla, Allah ya yi maka albarka. Amma lokutan wa, ɗana? Naku ko namu? »

Ɗan ya yi dariya, sannan ya yi shiru, domin bai taɓa yi wa kansa tambayar ba. Abin da ya iya ƙarawa shi ne, na baya biyu da su ya sami motar, tayoyin sanyi ne, kuma a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zobe, bayan haruffan DOT, masu faɗin lokacin da aka ƙera ta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin mako na 23 na 2018.

A watan Afrilu auren ƴar ƙanensa ya taso a Maraɗi, tafiyar kusan kilomita 240, kuma tsohon ya yi niyyar kai matarsa da jikoki uku. Kafin ranar ya kai motar wurin wani mai faci a bakin tasha, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa kafin mahaifinsa ya cire shi daga makaranta yana aji huɗu. Mai facin ya tsuguna, ya bi tayoyin da hannu ɗaya bayan ɗaya. Na gaba bai ce komai a kansu ba. Na baya kuwa ya danna farcensa, ya juyo da gefen ciki zuwa haske, ya nuna wasu siraran tsage-tsage kamar fuskar tafkin da ya ƙafe.

« Mushe, zanenta yana nan da zurfi, amma robar ta mutu. Irin waɗannan masu tsaga kamar gashi, na lura ba su son rana. Da safe lafiya lau. In la'asar ta yi a kan kwalta da kaya, su ake kawo mini a yage. »

Tsohon ya sa tabarau, ya duƙa, ya nemo zoben. Lambobin suka nuna tayoyin sun haura shekara 11. Ya karanta masa, ya fassara masa ma'anar, kamar yadda ya taɓa koya masa rarraba a kan allo.

« Shekara ashirin ina wannan aiki, Mushe, ban san taya na ɗauke da takardar haihuwarta ba. »

« Ni kuma ban san tana da lokacin mutuwa ba sai yau, ɗana. Kowa ya ƙaru. »

Kuɗin fansho bai kai sayen sababbi biyu ba. Akwai ragon da uwargida take turke da shi, shi aka kai kasuwa, bayan muhawarar dare biyu. Maƙwabta suka yi ta mamaki: taya mai zane kamar sabuwa, wadda ta fito daga Turai, a cire ta a jefar? Wani ma ya saye su nan take ya sa wa tasa motar. An je biki an dawo, babu abin da ya faru a hanya, kuma babu wanda zai iya rantsewa cewa da tsofaffin wani abu zai faru. Haka rigakafi yake, ba ya barin shaida. Abin da ya tabbata kawai shi ne, masu ƙera taya da kansu, irin su Michelin, suna ba da shawara a riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai 5, a kuma sauya ta idan ta kai 10, komai kyan zanenta.

Lokacin da ba a rubuta a gefen taya ba

Babban zafin Pari a watan Yuli, a matsakaici, bai cika wuce digiri 26 ba. A Yamai da Damagaram, watan Afrilu yana haura 40 kusan kullum, wasu ranaku ya kusanci 45, kuma baƙar kwalta da tsakar rana tana iya wuce 60. Iyakar digiri 7 da ta sa Turai cikin ɗawainiya ba a cika ganinta ba a kudancin Nijar. Sai a Ayar da Kawar ne daren Janairu kan kai ta ko ya gota. Rabin hikimar da aka zuba a tayar lokuta huɗu, wato rabin ƙanƙara, ba shi da aiki a nan. Wannan bai mayar da ita abin tsoro ba. Sabuwa, mai iska daidai, wadda ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba, tana kai mutum inda za shi. Ta dai fi tayar zafi saurin cinyewa da tsawon birki. Tayar sanyi zalla kuwa ita ce wadda aka raba da muhallinta gaba ɗaya.

Abin da ke kashe taya a hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni har Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 600, zafi ne da yake taruwa a cikinta. Kowane juyi, gefen taya yana lanƙwashewa ya miƙe, kamar waya da ake karyawa da hannu har ta ƙona yatsa. Idan iska ta yi kaɗan, lanƙwasar ta ƙaru. Idan kaya sun yi yawa, ta ƙaru. Idan gudu ya yi yawa, ta zo a kai a kai. Zafin yana raba roba da wayoyin da ke cikinta, musamman idan tsufa ya riga ya busar da ita, daga nan sai a ji ƙara kamar bindiga. Akwai wata al'ada da ke ƙara wa wutar itace: direba ya tsaya da rana, ya ji taya ta yi tauri, ya rage mata iska da nufin ya sauƙaƙa mata. Iska tana kumbura da zafi, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da masu faci ke kira kilo a kowane digiri 10, kuma an ƙera taya da sanin haka. Wanda ya sace iskar taya mai zafi ya bar ta da ƙarancin iska, ta ƙara lanƙwashewa, ta ƙara zafi. Da sassafe ake auna iska, kafin mota ta yi tafiya, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin mota.

Damana tana da nata sharaɗin. Ruwan farko yakan tayar da ƙura da man da suka kwanta a kan kwalta tun kaka, hanya ta yi santsi kamar an shafa sabulu. A nan zurfin zane ne yake magana, domin ramukan taya magudanai ne masu kore ruwa. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin kusan milimita 8; dokar Turai ba ta yarda da ƙasa da 1,6 ba. Suɗaɗɗiyar taya a kan ruwa ba ta taɓa ƙasa, sitiyari ya zama ado. Bayan ruwa sai ramuka masu kaifin baki, da gargadar hanyoyin jar ƙasa, da ƙayar aduwa a hanyar ƙauye. Direbobin Agadas kuma suna da iliminsu na rairayi: su rage iska don taya ta baje ta hau yashi, su mayar da ita da zarar sun hau ƙasa mai tauri. Duk waɗannan lokuta ne na gaske, masu buƙatu daban-daban, kuma babu hoton ko ɗaya daga cikinsu a gefen taya.

Kasuwar abin da aka yar

Bature yakan cire tayar sanyi tun zanenta yana da zurfin milimita 4, saboda ƙasa da haka ba ta riƙe ƙanƙara sosai. A idon mai saye a Katako ko a kasuwar Maraɗi, wannan taya ce mai sauran rai da yawa, kuma ta fi sabuwa araha nesa. A nan ne tsohon ruɗanin aji yake dawowa da kuɗi a hannu. Mai saye ya ga hoton ƙwayar ƙanƙara ya tambaya, mai sayarwa ya ce ta « hiver » ce, mai saye ya ji « hivernage », su duka biyu su yarda cewa tayar damana ce. Sau da yawa babu mai niyyar cuta a cikinsu. Akwai dai waɗanda suka san abin da suke yi, masu sake sassaƙa zane a suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi su shafe ta da baƙi.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan direban taksin da ke lissafin kuɗin mai da na maigida kafin ya kai na cefane. Shi ma ya san araha ba ta ado; abin da aljihu ya iya ne ya saya. Yankin ne gaba ɗaya ya zama mai jiran abin da wasu suka gama da shi. A Nijeriya, masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop a Legas ta bi bayanta a 2008, kuma duk da cewa ƙasar ta sa tsofaffin tayoyi cikin kayan da ta hana shigowa da su, kasuwanninta ba su rasa su ba. Kodibuwa ita ce kan gaba a Afirka wajen noman roba, amma mafi yawan ƙaron ɗanye yake fita, a sarrafa shi a wata nahiya daidai da yanayin wata nahiya. Gana ta gwada bin hanyar doka a 2012, ta hana amfani da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, da wadda darajarta ta jure zafi ta tsaya a C. Wannan daraja, A ko B ko C, tsarin Amurka ne, kuma tana rubuce a gefen tayoyi da yawa bayan kalmar zafi ta Ingilishi, wadda duk mai Faransanci zai gane. A ce ta fi jurewa. Tayoyin sanyi zalla ba a tilasta musu ɗaukarta ba.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1,19 ke mutuwa kowace shekara a haɗuran hanya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Taya ba ita kaɗai ce sanadi ba: akwai gudu, da barci, da lodin da ya wuce ƙima, da lalacewar hanya, da nisan asibiti. Amma a cikin waɗannan duka, ita ce mutum zai iya tsugunawa ya duba da idonsa kafin ya shiga mota, ko da fasinja ne.

Darasin da ke jingine a bakin tasha

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna yawan kukan rashin kayan aiki. Tsohuwar taya ba ta da tsada, kuma wanda ya mirgino ta cikin aji ya kawo littafi mai darussa da yawa. A rubuta a allo abin da ke gefenta, misali 195/65 R15 91H. Malamin lissafi ya samu aikinsa: faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, ƙarfen da take hawa inci 15. Harafin R yana nuna irin saƙar da Michelin ya yi wa rajista a 1946, wadda ta mamaye duniya. Lamba 91 tana cewa kada a ɗora mata fiye da kilo 615, H kuma kada a wuce kilomita 210 a awa. Ɗalibi ya ninka 615 sau huɗu, ya cire nauyin mota, ya kwatanta da abin da yake gani ana lodawa ranar kasuwa. Malamin kimiyya ya ɗauki maganar iska da zafi. Malamin labarin ƙasa ya bi ta daga gonar roba zuwa masana'anta, zuwa tashar jirgin ruwa, zuwa kasuwar garin.

Malamin harshe kuma yana da kaso mafi nauyi. Shi zai nuna cewa « hiver » da « hivernage » ƴan uwa ne da suka rabu tun da daɗewa, kuma « quatre saisons » ƙidayar wasu ce. Shi zai fita da ɗalibai zuwa wurin masu faci da tsofaffin direbobi, a tattara kalmomin da suke amfani da su na sana'a, na Hausa da na aro, a rubuta su kafin su ɓace, a ga inda akwai giɓi. Abin da mai facin Damagaram ya sani da farce da abin da tsohon malaminsa ya karanta da tabarau ilimi guda ne da aka raba tsakanin mutum biyu, ɗaya ba shi da haruffa, ɗaya ba shi da shekara ashirin a bakin kwalta. Gidajen rediyon karkara da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, waɗanda suka riga suka kai saƙon rigakafi da na karatun ƴaƴa mata ƙauye-ƙauye, za su iya kai wannan ma, domin gajere ne: a nemi lambobi huɗu, a duba tsagar gefe, a auna iska da safe, a rage kaya da gudu a bazara.

Tayar da ta gama aiki a mota ba ta rasa makoma a ƙasar Hausa. Baduku yana yanka ta ya yi takalmin da makiyayi ke takawa a kan ƙaya da zafin rairayi, tub ɗinta ya zama guga a bakin rijiya ko igiyar ɗaure kaya a kan amalanke, wata a cika ta da ƙasa a dasa itace a farfajiyar makaranta. Wadda aka bari a buɗe kuwa ta tara ruwan damana, ta zama gidan sauro. Jama'ar da ta iya gano wa matacciyar taya wannan amfani duka ba za ta kasa koyon ranar da ya kamata a sauke ta daga mota ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Maris, kafin bazara ta kankama, shi ne lokacin da ya dace kowane mai mota ya tsuguna ya karanta abin da ke rubuce a ƙafafunta.